Mil Talatin da Huɗu a Hanyar Dallas

Lemuel Guidry mai gyaran esi ne da firji. Shekara talatin yana wannan sana'a a Houston, duk unguwarsu an san farar motarsa mai tsani a sama. Gidansa ƙarami ne, na katako, a arewacin birnin, mil hamsin da wani abu daga bakin teku. Su uku ne a ciki: shi, da matarsa Corinne, da mahaifiyarsa Odessa, wadda ta dawo wurinsu tun da ciwon zuciya ya fara kayar da ita. Shekararta tamanin da ɗaya. Ƙafafunta sun kumbura, ido ɗaya ya yi hazo, amma baki lafiya lau yake. Har lokacin ita ke ɗanɗana miyar kuɓewa da jatan lande kafin a sauke, ta ce wa Corinne gishiri bai ji ba, ko da kuwa ya ji.

A watan Satumba na shekarar 2005, mako uku aka yi babu abin da ake kallo a talabijin sai New Orleans, birnin da wata guguwa ta nutsar a ruwa. Mutane a kan rufin gidaje suna kaɗa tsumma, tsofaffi a keken guragu a bakin titi babu mai tura su. 'Yan'uwan Corinne biyu suna cikin waɗanda aka kwaso, suna kwana a zauren coci da kayan da aka ba su sadaka. Ana cikin haka aka ce ga wata mahaukaciyar guguwa a teku, sunanta Rita, ta fi waccan ƙarfi, kuma Houston ta nufo. Gari ya ruɗe. Kafin ranar Laraba babu ruwan gora a kantuna, babu katakon rufe taga, gidajen mai sun fara ɗaure leda a bakin famfo.

Corinne ce ta fara cewa a tafi. 'Yarsu Yvette, da ke aure a Dallas, tana kira sau biyar a yini, kowane kira da kuka. Lemuel ya yi ta jan ƙafa har ya ga maƙwabta na dama da na hagu suna ɗaure katifa a kan mota, sai shi ma tsoro ya shige shi. Ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya ce ta shirya, gobe da sassafe za su kama hanya.

Odessa tana zaune a bakin gado tana shafa wa gwiwarta mai. Ta ce babu inda za ta. Ta ga guguwar Carla, ta ga ta Alicia, a cikin gida ta gan su duka, kuma ga ta nan.

"Lokacin Carla kana ɗan shekara sha ɗaya," in ji ta. "Ƙarƙashin gado ka shige, da ƙyar ubanka ya jawo ka, wando a jiƙe. Yau kai ne za ka koya min guguwa?"

"Mama, ba zan bari a nuna ki a talabijin a kan rufi ba."

"Da wace ƙafar zan hau rufin?"

Ya yi dariya, amma bai sauya magana ba. Shi da kansa ya haɗa mata jaka, ya zuba magungunanta a leda. Da gari ya waye ranar Alhamis ta ga da gaske yake, sai ta ce to, in dai cikin mutane za a kai ta, ba za ta fita kamar marar gata ba. Ta sa shuɗiyar rigarta ta zuwa coci, mai kauri da dogon hannu, da doguwar safa, da takalma rufaffu, da hula. A bakin ƙofa ta tsaya ta riƙe ƙyaure, ta ce ita fa har yanzu ranta bai kwanta ba. Lemuel ya sunkuce ta kamar jaririya, ya sauko da ita matakala uku, ya ajiye ta a kujerar baya ta tsohuwar motar Corinne. Ta ce masa marar kunya. Ya ce ya ji, ta faɗa masa sauran a Dallas.

Tafiyar awa huɗu ce a ranar da babu komai. Man da ke cikin motar ya ɗan haura rabi da kwata. Lemuel ya lissafa zai kai su tsakiyar hanya, can sai ya ƙara. Corinne ta soya kaza, ta yanka burodin masara, ta sa gorar ruwa goma sha biyu a kula.

Sun bar gida ƙarfe shida. Kafin su hau babbar hanya bakwai ta wuce, kuma da suka hau, Lemuel ya duba gaba. Iya ganinsa motoci ne, hanci da gindi, babu mai motsi. Kamar an ɗauki birnin duka an juye shi a kan titi ɗaya. Akwai masu jan kwale-kwale, akwai masu jan dawaki, akwai iyali ɗaya a mota uku don kada a bar ko ɗaya ruwa ya ci. Sai a matsa tsawon mota biyu a tsaya minti goma. Ɗaya hannun titin kuwa, mai shiga gari, fayau yake, ko kare babu.

Ƙarfe goma sun yi mil goma sha biyu. Rana ta take, rediyo ya ce zafi zai kai ɗari a ma'aunin ƙasar kafin azahar. Lemuel yana kallon allurar mai tana sauka alhali ba su zuwa ko'ina. A gefen titi an fara ganin motoci buɗe da baki suna tururi. Wasu sun kashe injin suna turawa da hannu idan layi ya motsa. Duk gidan man da suka hango daga nesa a rufe yake. Babu wanda ya fi shi sanin abin da esi ke sha. Ya miƙa hannu ya kashe, ya sauke gilasai. Iskar da ta shigo ba ta da maraba da ta bakin murhu, ga warin kwalta da hayaƙi.

Odessa ta cire hularta tana fifita da ita. Wajen sha ɗaya suka iso wata hanyar fita, suka ga 'yan motoci suna sauka suna juyawa gida. Ta taɓa kafaɗarsa daga baya.

"Lem, mu koma. In mutuwa ce, gadona ya fi min wannan kujerar."

Ya dubi Corinne. Corinne ta dubi rediyo, inda wani mutum ke cewa guguwar tana nan tafe, kada kowa ya yi sake. Lemuel ya ce sun riga sun sha wahalar da za su sha, gaba kaɗan hanya za ta buɗe, an ce ma za a ba su ɗaya hannun titin. Ya bar hanyar fitar ta wuce a hankali, har ya daina ganinta a madubi. Mahaifiyarsa ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Babu banɗaki a ko'ina. Maza suna juya baya a jikin shingen titi. Mata sukan sauka bibbiyu ko uku-uku, biyu su riƙe zanin gado, ɗaya ta tsuguna a ciyawa. Da Corinne ta matsu, ta bi wasu mata daga motar gaba, ta dawo ta ce wa surukarta ta zo a kama ta, babu mai kallon kowa, kowa ta kansa yake yi. Odessa ta ce ita ba ta jin komai. Corinne ta tuna mata ta sha ƙwayar da ke sa ta fitsari da safe. Ta ce ta sha, kuma ba ta jin komai, a ƙyale ta. Daga baya a hankali, kamar da kanta take magana, ta ce shekara ashirin tana shugabar matan coci, ba a kan titi za a ga tsiraicinta ba. Duk bayan ɗan lokaci Corinne takan miƙa mata gorar ruwa. Sai ta karɓa, ta buɗe, ta kai baki, su kuma su mai da ido kan hanya.

A hannun damansu akwai wata akori-kura ja da suka yi ta tafiya tare tun safe, wani lokaci ita a gaba, wani lokaci su. Mai ita wani magini ne, Rogelio, da matarsa da 'ya'ya huɗu a baya ƙarƙashin tamfol. Tun suna ɗaga wa juna hannu har suka fara hira ta taga. Corinne ta miƙa musu kaza, matar Rogelio ta miƙo lemo. Rogelio ya ce in suka ci gaba da wannan gudu, zai isa Dallas daidai lokacin auren autarsa. Odessa ta yi dariya, ta tambayi shekarun yarinyar. Aka ce uku.

Bayan ƙarfe biyu ta yi shiru. Lemuel ya ɗauka barci ne. Can sai ya ji ta ce, "Alcide, ka rufe kaji, hadari ya taso." Alcide sunan mahaifinsa ne, wanda ya rasu shekara goma sha tara da suka wuce. Ya juya. Fuskarta ta bushe ƙayau, babu ɗigon gumi, alhali shi da Corinne sun jiƙe sharkaf. Leɓɓanta sun tsage. Ya taɓa goshinta ya ji kamar murfin tukunya.

Ya ɗaga gilasai ya kunna esi har ƙarshe. Allurar mai tana kan ja. Minti ashirin sanyi yana fitowa, sannan motar ta yi tari sau biyu ta mutu.

Akwai wata gada a gabansu, kamar taku ɗari biyu. Rogelio ya bar wa matarsa tuƙi ya sauko, shi da Lemuel da wasu mutum biyu da ba su san sunansu ba suka tura motar ta gefen titi har inuwar gadar. Suka shimfiɗa bargo, suka kwantar da Odessa. Matar Rogelio ta tsayar da motarsu a gefe, ta zo da sauran ƙanƙarar da ke kularsu a ƙulle cikin tawul, tana sa mata a wuya da hammata. Ta tambayi Corinne ruwa nawa tsohuwar ta sha tun safe. Corinne ta ce gora huɗu. Ta koma motar don ta ɗauko wata, sai ta ga gororin nan huɗu a ƙasan kujera, an lulluɓe su da mayafi. Duk a cike suke, ko kurɓi biyu ba a rage ba. Ta ɗauko su ta tsaya da su a hannu. Lemuel ya dube su ya gane.

Ya yi ta kiran lambar agaji, layi ba ya shiga. Da ya shiga a karo na tara, wata mata mai gajiyayyiyar murya ta rubuta inda suke, ta ce motocin asibiti ma a cikin cunkoson suke, su ci gaba da sanyaya ta, za a zo. Bai iya tsayawa ba. Ya shiga tsakanin motoci yana buga gilasai, yana tambaya ko akwai likita, ko akwai nas. Wasu suka girgiza kai, wasu ba su ma sauke gilashi ba. Ya yi nisa sosai kafin wata dattijuwa mai silifas ta fito daga wata ƙaramar mota ta ce ita nas ce, ya wuce gaba ta bi shi.

Da suka iso, mutane sun kewaye wurin. Odessa ta buɗe ido. Ta gane shi sarai.

"Lem, cire min takalman nan."

Ya durƙusa ya cire su, ya cire safar. Ƙafafun sun kumbura har sawun takalmin ya fito a fata.

"Kada ka bari su taru a kaina," in ji ta.

Matar Rogelio ta ɗauko zanin gado, ita da Corinne suka riƙe shi suka tare ta daga idon jama'a. Nas ɗin ta yi abin da za ta iya. Ta ɗiga mata ruwa a baki, bai wuce ba. Da numfashi ya tsaya ta danna ƙirjin, ta hura, ta danna, har gumi yana ɗiga daga haɓarta a kan shuɗiyar rigar. Daga ƙarshe ta zauna a kan dugaduganta, ta dubi agogo, ta ce ƙarfe huɗu da minti ashirin. Ta ce ya riƙe lokacin, za a tambaye shi.

Lemuel ya koma cikin motar don kada a ga fuskarsa. Idonsa ya faɗa kan ma'aunin tafiya, wanda ya mayar sifili da safe kamar yadda ya saba. Mil talatin da huɗu.

Rogelio bai tafi ba sai da ɗan sanda ya iso a kan babur gab da faɗuwar rana. Ya rungume Lemuel, ya faɗi wata addu'a da harshensu, ya shiga motarsa ya koma layi. Ba su ƙara haɗuwa ba. Aka kai gawar ɗakin ajiya a Conroe, wani gari da ke kusa, su kuma wata coci ta ba su wurin kwana tare da wasu ɗaruruwa. A can suka ji cewa guguwar ta karkata gabas. Ta sauka ranar Asabar a kan iyakar Louisiana, ta yi ɓarna a can, Houston kuwa iska ce kawai da ɗan yayyafi.

Ranar Lahadi suka sami mai suka koma gida, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Reshe ɗaya ne ya karye a bishiyar tsakar gida. Agogon kicin yana nuna lokaci daidai, wuta ma ba a ɗauke ba. Maƙwabcinsu na tsallaken titi, tsoho Prosper, wanda ya ƙi zuwa ko'ina, yana gasa nama a ƙofar gida. Ya ɗaga musu cokali yana dariya, ya ce sannunku da zuwa, 'yan gudun hijira, ina Odessa, ya ajiye mata haƙarƙari. Da ya ga Lemuel ya fito da jakar hannunta da takalmanta, sai ya ajiye cokalin.

Lemuel yana da yaya mace guda, Verna, gwauruwa, wadda ta yi ritaya daga aikin wanki a asibiti. Ita a tsibirin Galveston take zaune, titi uku daga bakin teku, inda fita ta zama dole. Ta fita tun ranar Laraba, amma ta yi awa ashirin da shida a kan hanya, domin mutanen cikin gari sun riga sun cika ta. Bayan jana'iza, ana cin abinci a zauren coci, ta zo ta zauna kusa da shi da farantinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mu ruwa ne ya kore mu. Ku me ya kore ku?"

Ya ce ita ma ta ga abin da aka nuna a talabijin.

"Ta ce maka ba za ta ba. Ta ce maka ku koma. Corinne ta faɗa min." Ta ture farantin. "Mil hamsin tsakaninku da teku, Lem."

Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su, ran Kirsimeti da ranar haihuwa. Lemuel ya ci gaba da aikinsa. Yakan gyara esi a gidan mutane, ya tsaya a gabansa har sanyi ya fara fitowa, ya daɗe a tsaye har mai gida ya tambaye shi ko da sauran matsala. Corinne ta daina soya kaza. Ba su taɓa zama sun tattauna wanda ya fara cewa a tafi ba, amma maganar tana nan tsakaninsu a teburin cin abinci.

Da bazara ta zagayo aka kira taro a cocinsu. Wani jami'i ya zo da taswira mai launi-launi. Ya ce an koyi darasi. Waɗanda suka mutu a kan hanya sun fi waɗanda guguwar ta kashe a garinsu yawa, ba za a sake haka ba. Nan gaba unguwa-unguwa za a fita, na bakin teku su fara, waɗanda ruwa ba zai kai ba su zauna a gida su bar musu hanya. Za a buɗe hannu biyu na titi da wuri, za a ajiye tankokin mai da ruwan sha a gefen hanya. Ya tambaya ko akwai mai ƙari. Lemuel, wanda bai taɓa magana a taro ba, ya miƙe.

"Sunana Lemuel Guidry. Mahaifiyata ta mutu a wannan hanyar, kuma da ruwan sha a motar. Ƙin sha ta yi, don kada ta tsuguna a gaban mutane. Ku rubuta wa jama'a su tafi da bokiti mai murfi da zanin gado. Kuma in kun ba tsoho ruwa, ku duba gorar ku ga ko ta ragu."

Wani ya yi dariya da jin bokiti, sannan ya haɗiye ta. Jami'in ya rubuta a littafinsa, ya yi godiya. Da takardar shawara da ake raba wa jama'a ta fito akwai ruwa, akwai magani, akwai tocila da batir, babu bokiti. Lemuel ya ɗebi ɗauri guda ya ajiye a motar aiki. Duk gidan da ya je gyara ya ga akwai tsoho, sai ya ƙara layin da biro a ƙasa ya bar musu.

Shekara uku bayan Rita, a wani Satumban, aka ce ga wata guguwar, Ike. Wannan karon Lemuel ya san inda yake a taswira. Ya rufe tagogi da katako, ya cika baho da ruwa, ya ce wa Yvette ta daina kira, babu inda za su. Amma tsibirin Galveston an ce kowa ya fita, kuma da ya kira Verna ta ce tana nan daram.

Ranar Alhamis da safe ya loda jarkar mai biyu, da kular ƙanƙara, da ruwa, da bokiti, ya nufi kudu. Hannun titin da yake bi babu kowa. Hannun masu fita kuwa a cike yake, amma yana tafiya, ba tsayawa. Ya tarar da ita a baranda tana ɓare jatan lande a roba. Sama garau, teku dai ya yi wani irin kumburi, yana dukan katangar bakin ruwa har ana ji daga gidanta.

"Ka zo ka sunkuce ni ne, kamar yadda ka yi wa Mama?"

"Yaya, wannan karon ke ce a bakin ruwa. Hanya a buɗe take, yanzu na gan ta da idona. Awa ɗaya da rabi muna gida."

"Wancan karon ma awa huɗu ka ce."

Ta ce ita ta yi rantsuwa. Awa ashirin da shida ta yi a mota, ta dawo ta tarar ko tukunyar fure ba ta faɗi ba, sai uwa da aka ce ta zo ta binne. Gidan nan ya ga guguwa tun kafin a haife su. In ya ga dama ya zauna ya ci abinci, in bai ga dama ba ga hanya nan.

Ya zauna ya ci. Ya roƙe ta, ya kira Fasto ya ba ta waya, ta gaishe shi da ladabi ta kashe. Har la'asar yana nan. Yana kallonta tana kai da kawowa a kicin, 'yar ƙaramar mace, ba ta kai nauyin injin da yake ɗagawa kullum ba. Da ya so, da minti ɗaya ya ishe shi. Sau biyu yana miƙewa da niyyar haka, sau biyu hannunsa yana ƙi. Daga ƙarshe ya sauke mata ruwan da ƙanƙarar, ya hau saman silin ya ajiye tocila da gatarin fasa rufi ko da ruwa zai taso, ya nuna mata yadda ake jawo tsanin hawa can. Ta ce ya mai da ita 'yar kwana-kwana. Ya tafi shi kaɗai.

Guguwar ta sauka ranar Asabar, kuma wannan ba ta karkata ba. A gidan Lemuel ta kwashe rabin kwanon rufin baya, aka yi mako biyu babu wuta, amma ba wanda ya ji ciwo. Tsibirin kuwa teku ya hau shi. Kwana uku babu labarin Verna. Ba a barin kowa ya tsallaka gada. Lemuel ya yi ta bin zaurukan da aka sauke mutane yana karanta sunaye a bango. Ranar Talata aka kira shi daga wani asibiti a San Antonio.

Ruwa ya shiga gidanta har ƙirji. Ta jawo tsanin ta hau, a mataki na ƙarshe ƙafarta ta zame, ƙugu ya karye. Da hannu ta ja jikinta zuwa bakin silin, nan ta kwanta a jiƙe har awa goma sha huɗu, kafin wasu maƙwabta masu kwale-kwale su ji tana buga katako da ƙotar gatari.

Ya same ta a gado ta rame, ga robar iska a hanci. Ta daɗe tana kallonsa.

"Me ya hana ka ɗauke ni?"

"Kin ce ba za ki ba, Yaya."

"To, sai me? Yaushe ka fara jin maganata?"

Ya zauna a bakin gadon. Ta juya fuskarta bango, amma ta bar hannunta a inda yake, ya riƙe.

Da aka sallame ta, gidansa ya kawo ta. Ƙugun bai haɗe daidai ba, sai da ƙarfen dogarawa take tafiya, kuma tari ya zauna mata a ƙirji. A watan Nuwamba ta ce ya kai ta ta ga gidanta. Manyan itatuwan titinsu duk sun bushe, gishiri ya kashe su. A kowace ƙofa an jibge katifu da kujeru da firji an ɗaure shi da igiya saboda wari. Gidan yana tsaye, amma ya karkace, ga baƙin layi a bango ya haura taga. Ba ta sauko daga mota ba. Ta ce ya shiga ya duba mata keken ɗinkinta kawai. Ya same shi a kife cikin busasshen taɓo, ya fito da shi ya ɗaga mata. Tsatsa ta cinye shi, ko juyawa ba ya yi. Ta dube shi, ta ce ya mayar inda ya gan shi.

A hanyar komawa ta ce su tsaya wurin wata mai soya kifi da ta sani kusa da gada, ta daɗe tana marmarinsa. Ya zagaya sau biyu yana nema. Babu rumfar, babu alamar an taɓa yin ta, sai daɓen siminti da wani kwale-kwale a kwance a kansa. Verna ta ce ba komai, dama ba ta jin yunwa sosai. Ya hau gadar suka nufi Houston. Ba ta sake komawa tsibirin ba.